Ƙullu Ɗaya, Gurbi Arba'in

Habibu ɗana, 

Mahaifiyarka ta zo nan ranar Lahadi, kuma tun daga sallamarta na san da magana a bakinta. Ta ce kwana huɗu ke nan ba ka cin abincin kirki, in an tambaye ka sai ka ce ba komai. Ita ba ta san mece ce saba ba. Abin da ta iya tsinta shi ne wani abu ya goge a wurin aikinku, kuma da hannunka a ciki. Da muka yi waya daren jiya ka ba ni labarin, amma a gutsuttsure ka ba ni, kana faɗa kana kare kanka tun ban ce uffan ba. Na yi shiru ne saboda waya ba wurin irin wannan magana ba ce. Shi ya sa bayan sallar asuba na zauna na rubuta maka. Ka karanta a tsanake, kuma ka sani gyara kayanka bai taɓa zama sauke mu raba ba.

Bari in fara da abin da ka yi daidai, kada ka ce kawunka ya tsufa ya fara ƙyashi. Ranar da ka turo min hoton nan, sabobi 40 jere a rak, fitilu duk sun kama kore, ka rubuta a ƙasa cewa tsakanin azahar da la'asar ka girka musu babbar manhaja su duka ba tare da ka taɓa ko ɗaya ba, wallahi na ji daɗi. Har abokan hirata na bakin masallaci na nuna wa, ba su gane komai ba, suka dai ce Allah ya yi albarka. Lokacin da na fara aikin nan, faifan CD muke ɗauka mu bi na'ura ɗaya bayan ɗaya, mu zauna a gabanta muna amsa mata tambayoyi: wane harshe, wane yankin lokaci, yaya za a yanka faifai, wace kalmar sirri. Da na san Kickstart na Red Hat, wajejen shekarar 2000, a kan ɗan faifan fulofi nake yawo da takardar amsoshin, in soka shi in rubuta ks=floppy, sai in ji kamar an sauke min buhu daga ka. Abin da kai ka yi ya wuce wannan nesa ba kusa ba. Ka kafa Cobbler, ka shirya DHCP da TFTP, ka rubuta samfurinka da kanka. Aikin mai ƙwaƙwalwa ne.

To ga abin da ya biyo baya, yadda na harhaɗa shi daga bakinka, in na yi kure ka gyara min. Ka ga tattara lambar MAC ta katin sadarwar kowace saba zai ci maka wuni guda, sai ka yi wa Cobbler rajistar na'ura ɗaya mai suna default, ka ɗaura mata samfurin girkawa. Ma'ana, duk na'urar da ta nemi tashi ta waya a wannan layi, an san ta ko ba a san ta ba, a miƙa mata samfurin. Aka gama aiki, aka yaba maka, ka tafi gida ba ka cire ba. Bayan kwana tara, daren Alhamis, aka ɗauke wuta. Janareta ya yi nawar kamawa, batiran UPS da kowa ya san sun gaji suka saki. Komai ya mutu. Da wuta ta dawo, wata tsohuwar saba da ke can ƙasan rak na uku, wadda ke riƙe da bayanan ma'aikata tun kafin a ɗauke ka aiki, ta farka. Wanda ya saita ta a shekarun baya ya bar katin sadarwa a gaban faifai a jerin tashi. Shekara da shekaru tana farkawa ta yi kira, ba mai amsawa, sai ta haƙura ta koma faifanta. A wannan dare ta yi kira, aka amsa. Cikin 'yan mintuna ta goge tas, ta sa sabuwar riga, ta tsaya da sabon suna tana jiran umarni. Kwafin ajiyar da aka samu na mako uku baya ne.

Ka ce min tsautsayi ne. Na yarda tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Ba kai ka ɗauke wuta ba, ba kai ka ƙi sayen batir ba, ba kai ka saita tsohuwar na'urar ba. Amma Habibu, wutar nan kullum ake ɗaukewa, batiran nan kuma sun daɗe a gajiye. Abu ɗaya ne sabo a ɗakin a wannan dare, kuma kai ka shigo da shi.

Na san ka san yadda PXE, wato tashi ta waya, ke aiki, sabbin abubuwansa ma ka fi ni sani. Sai dai akwai sanin da ke zaune a ka, akwai wanda ya sauka ciki har yana sa hannu ya yi sanyi kafin ya danna, kuma na biyun nake so ka samu. Intel ne ya fitar da ƙa'idar, siga ta 2.1 ta fito a 1999, kuma da tsofaffin kaya aka haɗa ta: DHCP, wanda ya gaji BOOTP na 1985, da TFTP da ke nan tun farkon shekarun 1980. An yi su ne a zamanin da duk wanda ke kan waya ɗan gida ne. Na'ura ta farka ba komai a ƙwaƙwalwarta, katin sadarwarta ya ɗaga murya ga duk wanda ke layin: wa zai ba ni adireshi? DHCP ya amsa, ga adireshinki, ga gidan da za ki je, ga sunan fayil ɗin da za ki karɓo. Ta tafi ta TFTP ta karɓo shi loma-loma, asalin kowace loma bayit 512, ba kalmar sirri, ba tambayar waye mai bayarwa. Abin da ta karɓo ta zartar. In PXELINUX ne, sai ya shiga neman takardar da aka rubuta don ita: ya nema da lambar UUID, in babu ya nema da lambar MAC, in babu ya nema da adireshin IP yana guntule shi harafi bayan harafi, in duk babu ya faɗa kan default. A daidai nan ka ajiye wuƙa tsirara. Duk tsawon tafiyar nan babu inda na'urar ke tsayawa ta ce, anya ni ake nufi? Ba a gina mata wannan tambayar ba. Makauniya ce, duk wanda ya riga kama sandarta shi za ta bi.

To tunda ita ba ta tambaya, dole wani ya yi tambayar a madadinta, kuma wanin nan shi ne wanda ya rubuta samfurin.

Ka tuna kakarka, Allah ya jiƙanta, lokacin da take suyar waina a ƙofar gida? Ƙullu ɗaya, tanda mai gurbi da yawa. Ban taɓa ganin ta cika tanda a zubin farko ba. Sai ta ɗiga mai a gurbi ɗaya, ta zuba, ta jira gefen ya kama, ta juya, ta ɓantara ta kai baki, mu kuma muna tsugune da kwanoni muna jin kamar mu yi kuka. In tsami ya yi yawa ta sa ruwan kanwa, in ya yi kauri ta ƙara ruwa. Sai bayan nan take cika sauran. Ta san duk abin da ya ɓaci a ƙullu, kowane gurbi sai ya samu rabonsa.

Samfurin naka, ka ce a intanet ka samo tushensa ka gyaggyara. Ba laifi, duk haka muka fara. Inda na ga laifinka shi ne layukan da ka bari a ciki ba tare da ka tsare su da tambaya ba. Na ce ka karanto min sashen faifai, ka karanto zerombr, ka karanto clearpart --all --initlabel, da murya irin ta mai karanta lambar mota. Ka san me ka ce wa na'ura? Na farkon cewa yake, duk faifan da ba a gane tsarin rabonsa ba, a mayar da shi sabo ba sai an yi shawara da kowa ba. Na biyun cewa yake, duk wani yanki a kan duk wani faifai da mai girkawa ya hango, a goge. Mu mutane in mun ce duk, muna nufin duk abin da hankali ya ɗauka. Ka aiki yaro ya share duk ɗakunan gida, ba zai shiga wanda baƙo ke barci a ciki ba. Na'ura za ta shiga, ta share har da baƙon. Wanda ya rubuta samfurin da ka kwafo, ta yiwu 'yar na'urar gwaji mai faifai ɗaya ce a gabansa, wadda ko sau goma ta goge a wuni ba mai yin kuka. Kai kuwa ka ɗauko kayansa ka shigo da su ɗakin da amanar mutane take.

Maganin ba mai tsada ba ne. Akwai ignoredisk --only-use, wanda zai gaya wa mai girkawa cewa faifai kaza kaɗai aka ba ka, sauran ka ɗauke kai. In kuma za ka ambaci faifan, kada ka kira shi sda. Wannan ba sunan yanka ba ne, laƙabi ne da ake bai wa duk wanda ya riga amsawa a wannan tashin. Filashin da wani ya manta a bayan na'ura yana iya zama sda. Faifan da ke sda yau yana iya wayar gari sdb don kawai an ƙara kati ɗaya. Ka kira shi da sunansa na ƙarƙashin /dev/disk/by-path ko by-id, wanda ke bin ramin da aka soka shi ko lambar da ya fito da ita daga kamfani. Sannan ka sa mai gadi a sashen %pre, wanda ke gudana kafin a taɓa faifai: 'yan layuka da za su leƙa, in sun tarar akwai kaya a kan faifan kuma ba a sa na'urar cikin waɗanda za a rushe ba, su tsayar da aikin. Da layukan nan suna nan daren Alhamis, da safiyar Juma'a za ku tarar da tsohuwar sabar tsaye da saƙon kuskure a allonta, ana ta ƙorafin an kasa shiga, amma bayananta na nan daram.

Uwa uba kuma default. Ka riƙe wannan kamar yadda ka riƙe sunanka: baƙuwar na'ura, wadda ba kai ka rubuta ta da hannunka ba, amsarta ɗaya ce, koma ki tashi daga faifanki. Haka ma Cobbler ke zuwa, kai ka sauya shi. Girkawa sai ga wadda aka ambata da lambar MAC ɗinta, kuma sau ɗaya. Don haka aka yi saitin pxe_just_once: na'ura na gamawa sai ta sanar da Cobbler, shi kuma ya rufe mata ƙofa, ko sau ɗari ta sake kira ta waya faifanta za a nuna mata. Masu amfani da Foreman ma haka, sai an sa na'ura a halin gini da gangan kafin ta ga samfurin da zai goge ta. Ka ce tattara lambobi 40 wahala ne. Wuni ɗaya fa, Habibu. Kuma ba sai ka durƙusa a bayan rak da tocila ba, iDRAC na Dell da iLO na HP za su faɗa maka daga kan kujerarka, suwici ma ya san lambar duk wanda ke jikinsa. MAAS na Canonical, da Foreman in an ƙara masa sashen gano na'urori, suna tayar da baƙuwar na'ura da 'yar ƙaramar manhaja a ƙwaƙwalwa kawai, ta faɗi ko ita wace ce da abin da ke cikinta, ba tare da an goge mata komai ba. Wuni ɗayan da ka yi tsimi, yau kwana nawa ke nan mutum uku suna zaune suna sake shigar da bayanan mako uku da hannu? Sauri ya haifi nawa.

Me ma ya haɗa sababbi da tsofaffi a layi ɗaya tun farko? Wurin girkawa a keɓe ya kamata ya kasance, da VLAN nasa, da DHCP da ba ya jin kiran kowa sai na wanda aka kai can da niyya. Mahauci ba ya yanka a tsakiyar garke. Na'urar da ba ta buƙatar tashi ta waya kuwa, a kashe mata shi. Ko don tsaro ma: a Janairun 2024 masu bincike na Quarkslab sun bayyana ramuka tara, da suka kira PixieFail, a sashen sadarwa na EDK II, wanda masu ƙera UEFI da dama ke gini a kansa.

Kada ka ɗauka kai ne farkon faɗawa wannan rami. A watan Mayun 2014, a Jami'ar Emory da ke Atlanta a Amurka, an tura aikin girka Windows 7 bisa kuskure zuwa kwamfutocin Windows na jami'ar, har da sabobi, ta manhajar SCCM ta Microsoft. Matakin farko na aikin shi ne sake yanka faifai da share shi. Kafin su farga su kashe sabar da ke raba umarnin, ita ma ta riga ta karɓi nata kason ta goge. Kayan aikinsu daban da naka, ciwon dai ɗaya ne: umarni mai gogewa ya faɗa kan rukunin da ya fi wanda aka nufa faɗi. Ka riƙe cewa su da kansu suka fito suka rubuta abin da ya faru a fili, zan dawo kan wannan.

Yanzu ga abin da ya fi tayar min da hankali a wayarmu. Ka ce ka kashe Cobbler ɗin, daga yau ka koma filashi, ɗaya bayan ɗaya, ido na ganin ido. Na gane. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya yi tsalle. Amma wannan shawarar ta fi kuskuren farko muni, domin wancan cikin rashin lura ka yi shi, wannan kuwa da idonka biyu za ka shiga.

Bari in ba ka nawa labarin, wanda ban taɓa ba ka ba. A wata ma'aikata da na yi aiki, an kawo mana sabobi 12, ni da abokin aikina muka raba shida-shida, muka girka da hannu. Takarda ɗaya muke dubawa, mai layi kusan talatin, kowa na sa alama da biro. Ina kan ta huɗu a kasona aka kira la'asar. Na tashi, na dawo, na ci gaba daga inda nake zaton na tsaya, ashe na tsallake layi ɗaya: na saita agogonta ya riƙa daidaita kansa da NTP. Watanni ba abin da ya faru. Agogon na ta zamewa a hankali, daƙiƙa kan daƙiƙa, har ya haura minti biyar, wanda shi ne iyakar bambancin da Kerberos ke lamunta. Sai aka fara ƙorafi. Wannan ya shiga lafiya, wancan an ƙi shi, ya sake gwadawa ya shiga. Mun zargi waya, mun zargi suwici, ni da bakina na ce ma'aikatan ne ba su iya buga kalmar sirrinsu ba. Kwana huɗu muna wannan, saboda mu biyun za mu iya dafa littafi cewa sabobin nan 12 iri ɗaya ne. Da na buga date a kan ta huɗun na ga lokacin da ta nuna, sai na dubi agogon bango, na sake dubanta, na ji kunya ta rufe ni tun daga ƙeya.

Namu kunya ce kawai. A ranar 1 ga Agustan 2012, kamfanin hada-hadar hannun jari na Knight Capital a Amurka ya wayi gari da sabuwar manhaja a kan bakwai daga cikin sabobinsa takwas, ta takwas ɗin an manta ba a kwafa mata ba. Tsohuwar lambar da ke kwance a cikinta ta farka, cikin kimanin minti 45 suka yi asarar sama da dala miliyan 400. Hannu ne ya yi wannan, hannun mutum mai ƙoƙari da ya ƙirga takwas ya tsaya a bakwai.

Kuskuren samfuri da ƙara yake zuwa, kowa ya ji, a gyara shi a wuri ɗaya shi ke nan. Na hannu kwanciya yake yi ya yi lamo, sai ranar da ba ka shirya ba. Kuma ka yi tunanin ranar da ɗaya cikin arba'in ɗin za ta mutu kana Saudiyya, ko kana asibiti da iyali. Wa zai tuna abin da ka danna? In da samfuri, ƙaramin ma'aikaci ma zai tayar da ita kafin a gama shan shayi. Ka kunna Cobbler ɗinka, ka gyara shi.

In ka kunna, ka gyara rukunan ma. Sabobin nan 40 ba jinsi ɗaya ba ne, ka ce akwai na rumbun bayanai masu fayafayai da yawa, akwai na shafin intanet, akwai na ajiya, amma duk ƙullu ɗaya ka zuba musu, daga baya ka bi wasu da hannu kana gyarawa. Michael DeHaan, wanda ya rubuta Cobbler yana Red Hat kafin ya fito da Ansible a 2012, hawa uku ya yi masa: babbar manhajar da za a girka, sai rukunin da ke faɗin irin aikin, sai ita na'urar da sunanta da adireshinta. Abin da kowa ya yi tarayya a kai, kamar yankin lokaci da madubin manhajoji da makullan shiga, ya zauna a samfurin uwa. Abin da ya bambanta rukuni, kamar yankan faifai, ya zauna a na 'ya'ya. A hoton allon da ka turo na hango sunayen fayilolinka: sabo, sabo2, sabo-gyara, sabo-na-ƙarshe. Na yi dariya, don ni ma na taɓa yin na-ƙarshe guda uku. Ka zuba su a Git, fayil ɗaya da tarihinsa, kowane gyara da dalilinsa, kuma wani ya karanta kafin ya shiga aiki. Ka bi da shi ta ksvalidator, ka gwada a na'urar gwaji ta cikin kwamfuta, sannan a saba ɗaya tak daga kowane rukuni. Ka kashe ta ka kunna sau biyu ka ga ta dawo da kayanta. Sannan ka cika tanda.

Sauran ƙanana ne, zan wuce da sauri. Na tambaye ka ko kalmar sirrin root a fili take a samfurin, ka yi shiru, na ɗauki shirun amsa. Fayil ɗin nan HTTP ke raba shi ga duk wanda ya nema, don haka ka canza ta yau a duka arba'in ɗin, ka kulle root, ka yi amfani da makullin SSH. Sashen %post kada ya zama kasuwa. Sau ɗaya yake gudana a rayuwar na'ura, ita kuwa za ta shekara biyar tana aiki, ka bar shi gajere ya miƙa ta ga Ansible. Ka ajiye madubin manhajoji a cikin gida, don kuɗin data da kuma don wadda ka girka yau da wadda za ka girka bayan wata uku su fito iri ɗaya. Duk gyaran da ka yi wa wata saba da hannu cikin dare, gari na wayewa ka mayar da shi cikin samfuri, in ba haka ba samfurin ya fara yi maka ƙarya ke nan.

Saura magana ɗaya, ita ce mai nauyin, na bar ta ƙarshe ne ina neman yadda zan faɗe ta da sauƙi ban samu ba. Na tambaye ka me ka gaya wa shugabanka, ka ce ka gaya masa ɗaukewar wuta ce ta jawo. Ba ka yi ƙarya ba, amma ka tsaya a daidai inda gaskiyar ta daina yi maka daɗi. Yanzu mai kula da janareta, bawan Allah da ba ya ma shiga ɗakin sabobi, shi aka bai wa takardar tuhuma, kai kana gani ka sunkuyar da kai. Ba haka 'yar'uwata ta rene ka ba. Ina kyautata zaton wannan ne ya hana ka cin abinci, ba bayanan da suka goge ba.

Ko ta fuskar aiki ma ba za ta ɓoyu ba. Ɗaukewar wuta tana iya lalata faifai, amma ba ta taɓa girka wa na'ura sabuwar manhaja har ta raɗa mata suna ba. Anaconda, wato mai girkawar, yakan bar kwafin amsoshin da ya bi a /root/anaconda-ks.cfg, da kwanan wata, kuma duk injiniyan da ya buɗe fayil ɗin zai ga rubutunka. Gara su ji daga bakinka. In kuma rahoto ya tsaya a kan wuta, batir za a saya a rufe magana, sauran tsofaffin sabobin da ke kira ta waya duk tashi suna nan yadda suke, suna jiran wani Habibun.

Kamar yadda mutanen Emory suka yi, ka zauna ka rubuta abin da ya faru bi da bi, da lokutansa. Ka sa naka a ciki da sunansa: na bar default yana girkawa, ban taƙaita faifai ba, ban keɓe layi ba. Ka sa na batir, ka sa na jerin tashin tsohuwar na'ura, ka sa cewa kwafin ajiya ya kwana ashirin da ɗaya ba wanda ya lura, duk ba tare da nuna kowa da yatsa ba. A ƙasa ka rubuta abin da za ka gyara da ranar da za ka gama, har da bin tsofaffin sabobin ɗaya-ɗaya a duba jerin tashinsu. Daga nan ka je wurin dattijon da ya shekara yana kula da waccan sabar, ka gaishe shi yadda ake gaida manya, ka ba shi haƙuri. Ka nemi mai janareta ka ba shi nasa, kuma ka roƙi shugabanka a janye takardar.

Ranar Asabar ina gida bayan la'asar. Ka zo da kwamfutarka, za mu bi samfurin layi-layi, ka kuma koya min iPXE ɗin nan da kake ta yabo, don ni a PXELINUX na tsaya. Amma rahoton ya riga ka: ya isa teburin shugabanka kafin Juma'a. Yau kuma ka kira mahaifiyarka, ka ci abinci.

Kawunka.